Rahoton Kwamitin Gyaran Wayoyin Masaukin Alhazai na Misfala

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Iyayenmu dattawa da sauran 'yan uwa mambobin ƙungiya, wannan ne bayanin aikin da kuka ɗora mana bayan kammala aikin Hajjin bara, wato gyaran tsarin wayoyin masaukinmu da ke unguwar Misfala a Makka, tare da layin da ya haɗa shi da ofishinmu na Jidda. Koke-koken da aka gabatar a zaman da aka ɗora mana aikin sun haɗa da yankewar murya, da kiran da mutum ɗaya kaɗai ke jin ɗan uwansa, da kiran da ke tsinkewa bayan kamar rabin minti, da kuma wayoyin hawa na sama da ke mutuwa su farfaɗo da kansu idan rana ta take. Da dama daga cikin mambobi sun ba da shawarar a cire santiral ɗin, wato na'urar da ke haɗa kiran duk wayoyin, gaba ɗaya a sayo sabo, amma kwamiti ya ga bai dace a taɓa kuɗin jama'a ba sai an san ainihin inda cutar take, don haka muka ɗauko injiniya mai lasisi muka fara da bincike.

Wayoyin masaukin nan ba sa bin tsohuwar wayar tarho. Ta hanyar intanet suke aiki, kuma kowane kira yana da hanyoyi biyu. Tsarin da ake kira SIP shi ke ƙulla kiran, ya sa waya ta yi ƙara, ya kuma rufe shi idan an ajiye, ita kuwa muryar tana tafiya daban a ƙananan ƙunshi ta tsarin RTP. Wannan ne dalilin da ya sa waya kan yi ƙara lafiya lau, a ɗauka, amma a ji shiru daga ɓangare guda.

Kundin bayanan kira na santiral ne ya fara nuna mana hanya. Kusan duk kiran da ya tsinke daga Jidda yakan mutu ne a daidai daƙiƙa 32, kuma wannan adadi ba haka kawai ya zo ba. A ƙa'idar SIP, idan an ɗauki waya sai ɓangaren da ya ɗauka ya jira saƙon tabbatarwa daga mai kira, ya yi ta maimaita amsarsa har tsawon daƙiƙa 32, in bai samu ba ya rufe kiran. An gano cewa rautar da ke ofishin Jidda, wato na'urar da ke haɗa ofishin da intanet, tana da wani saiti mai suna SIP ALG, wanda aka yi shi da nufin taimaka wa kira ya ƙetare katangar tsaro, amma a wajenmu yana sauya adireshin da ke cikin saƙonnin ta yadda tabbatarwar ba ta isa Makka. Shi ne kuma ke karkatar da muryar ɓangare guda. Da aka kashe shi, aka haɗa ofisoshin biyu ta keɓaɓɓiyar hanya mai tsaro, matsalolin biyu suka kau ba tare da an sayi ko da waya ɗaya ba. Kwamiti na so a lura da wannan, domin an daɗe ana zargin kamfanin da ke ba mu layi a kan laifin da ke cikin ɗakinmu.

Yankewar murya kuwa tana da lokacinta: bayan sallar Isha, sa'ad da alhazai suka dawo daga Harami kowa ya buɗe kiran bidiyo zuwa Kano, Damagaram ko Mai Wurno. Kira ɗaya a tsarin ɗaukar murya na G.711 da muke amfani da shi bai wuce kusan kilobit 87 a daƙiƙa ba, ke nan ba yawa yake ci ba, sai dai murya ba ta jure jira. Hukumar sadarwa ta duniya, ITU, ta ba da shawarar kada jinkirin tafiyar murya ya wuce milisakan 150 idan ana son zance ya tafi daidai, mu kuwa wayoyin ofis da intanet ɗin baƙi duk a layi ɗaya suke turereniya. Wasu sun ce a toshe kiran bidiyo, kwamiti bai yarda ba. Tun shekarar 2017 hukumomin Saudiyya suka buɗe manhajojin kira ta intanet, kuma tsohuwar da ta zo daga nesa tana da haƙƙin ganin fuskar jikokinta. Abin da aka yi shi ne ware wa wayoyi nasu layin a cikin na'urorin rarrabawa, wato waɗanda ke raba intanet zuwa ɗakuna, aka sa wa ƙunshin murya alamar fifiko, aka kuma ƙayyade abin da kowane baƙo zai iya ja a lokaci guda.

Aikin da ya fi cin kuɗi da ƙarfi shi ne na cikin bango. Wayoyinmu ta kebul ɗin intanet suke samun wuta, kuma tsarin da na'urarmu ta rarrabawa ke bi yana ba kowace kafar kebul wat 15.4 ne kawai. Da aka fere kebul ɗin hawa na sama sai aka tarar ba tagulla zalla ba ne, alminiyam ne da aka shafa wa tagulla, wanda ke riƙe wuta ya yi zafi, ga shi kuma wasu layukan sun zarce mita 100 da ƙa'ida ta yarda. Ita kanta na'urar rarrabawa an cusa ta a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala inda iska ba ta shiga, a garin da zafin bazara kan haura digiri 45. An zare tsohon kebul an ja na tagulla samfurin Cat6 a cikin bututu, an kafa ƙaramin akwatin na'urori a sama aka haɗa shi da na ƙasa ta zaren fayiba, an sa wa ɗakin na'urar sanyaya iska da batirin ko-ta-kwana, sannan aka rubuta lambar ɗaki a kan bakin kowane kebul. An yi aikin hawa-hawa a watannin da baƙi suka yi ƙaranci, kuma ba a rufe masaukin ba.

Akwai abin da ba ya cikin koke-koke, amma shi ya fi tayar wa kwamiti hankali. An saita santiral ɗin ne a kan sai an danna 9 kafin a samu layin waje, alhali lambobin gaggawa na ƙasar nan da 9 suke farawa: 911 na kowace irin gaggawa, da 997 na motar asibiti, da 998 na masu kashe gobara. Duk wanda ya danna 997 daga ɗaki, santiral yakan ɗauki 9 ɗin farko a matsayin neman layi, ya zauna yana jiran sauran lambobi. A gidan da galibin baƙinsa dattawa ne, wasu da hawan jini wasu da ciwon sukari, wannan ba ƙaramin haɗari ba ne. Yanzu lambobin nan uku suna fita kai tsaye daga kowace waya, kuma ana sanar da teburin karɓar baƙi lambar ɗakin da aka yi kiran, sannan kiran gaggawa na Jidda ta layin Jidda yake fita domin kada a tura agaji Makka. An kuma canza kalmomin sirrin da wayoyin suka zo da su daga kamfani, aka rufe kiran ƙasashen waje sai a wayoyin ofis.

Kafin karɓar aikin an gwada kowace waya a gaban wakilan kwamiti, an kuma maimaita gwajin bayan Isha da lokacin azahar, aka kashe wutar ginin don a ga batiri ya ɗauka. Taswirar layuka da kwafin saitin santiral suna hannun sakatare, rasidai kuma suna wajen ma'aji ga duk mamban da ke son dubawa. Muna godiya ga matasan da suka taya jan kebul ba tare da karɓar ko riyal ɗaya ba, Allah Ya saka musu da alheri.

Abubuwa biyu suka rage da ke buƙatar amincewarku a zama mai zuwa: ɗaukar layin intanet na biyu daga wani kamfani daban domin kada wayoyi su tsaya idan na farko ya yanke a kwanakin Hajji, da kuma ware kuɗin canza batiri da duba na'urar sanyaya iska kafin shigowar Ramadan.