Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga mai son bai wa yayansa ƙoda

Assalamu alaikum Malam,

Ka yi tambaya a bainar jama'a: yayanka yana kan wankin ƙoda, ka ce za ka ba shi taka, amma wata biyar ke nan ana yi maka jeka-ka-dawo. Ko za a iya gajarta binciken? Za a iya. Gwaje-gwajen kansu ba su da tsawo, jiran layi tsakanin wannan da wancan shi ke cinye watanni.

Asibitin birnin Belfast da ke Ireland ta Arewa ya nuna haka tun 2010. Mutum yakan fara cike takardar tarihin lafiyarsa, idan babu matsala sai a haɗa masa jini, fitsari, hoto da ganin likitan ƙoda a yini guda. Masu bayarwa suka ninka sau da yawa.

Sirrin yana cikin jeri. A fara da masu araha waɗanda ke iya tsayar da magana nan take: rukunin jini, awon hawan jini, suga, furotin a fitsari, HIV da ciwon hanta nau'in B da C. Daga nan sai ƙarfin tacewar ƙoda, wato GFR. Ƙa'idar KDIGO, ƙungiyar masana ƙoda ta duniya, ta 2017 ta ce GFR 90 zuwa sama ya yi, ƙasa da 60 ba a karɓa, tsakaninsu kuwa sai a duba shekaru da sauran haɗari. Hoton CT ya zo a ƙarshe, domin yana da tsada kuma ana zuba ruwan rini a jijiya. Shi ke nuna tsakuwa da yawan jijiyoyin kowace ƙoda. Galibi ta hagu ake cirewa saboda jijiyarta ta fi tsawo. Asara ce a biya kuɗin CT sannan a gano mutum yana da ciwon suga.

Ga inda ake tuntuɓe. Jinin wasu yakan hau da zarar sun ga likita, don haka awo ɗaya ba hujja ba ne. A ɗaura na'urar awa 24. Gwajin suga na HbA1c yana iya ruɗarwa ga mai AS, wato mai ɗauke da ƙwayar gadon sikila, gara a auna suga kafin karin kumallo. Idan aka ƙara wa yayanka jini, dole a maimaita gwajin dacewar jininku, domin jikinsa na iya ƙera garkuwar da za ta ƙi ƙodarka. Jinkiri kuma yana sa sakamako ya tsufa, a sake biya.

Akwai abin da ya shafe mu musamman. Wani sauyi a ƙwayar gado ta APOL1, mai ƙara haɗarin ciwon ƙoda, ya yawaita a Afirka ta Yamma. Tunda ku 'yan'uwan jini ne, ka tambayi likita musabbabin ciwon yayanka, da ko akwai halin yin wannan gwaji.

Abu guda ne ba ma yarda a gaggauta: zaman da za a yi da kai kaɗai, babu Inna, babu matar yayanka a ɗakin. A nan za a faɗa maka cewa kusan mutum 3 cikin 10,000 kan rasu sanadin tiyatar, a tabbatar babu tilas kuma babu ciniki, wanda dokar lafiya ta Najeriya ta 2014 ta haramta. Kana da ikon fasawa har ranar tiyata, kuma ba za a faɗa wa dangi dalilinka ba.

Ka roƙi asibitin su haɗa ka da ma'aikaci guda mai riƙe da fayil ɗinka, ya rubuta maka sauran gwaje-gwajen da ranakunsu a takarda ɗaya. Allah Ya ba yayanka lafiya.

Wassalam,
Wasu ma'aikatan sashen ƙoda