Fina-finan ban tsoro masu gajerun labarai: a auna kowane labari da kansa

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri gare ka da dukkan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani nau'in fim da matasanmu ke kallo sosai a wayoyinsu amma ba kasafai ake rubutu a kansa ba. Ina nufin fina-finan ban tsoro na Turawa da ake haɗa gajerun labarai uku ko huɗu ko fiye a cikin fim guda, a yi su da kuɗi kaɗan, a cika su da jini da sare-sare. Sana'ata tura fina-finai a waya da memori, saboda haka a gabana ake yanke wa waɗannan fina-finai hukunci idan an dawo shago, kuma ina ganin ma'aunin da yawancin masu kallo ke riƙe da shi bai dace da su ba.

Yaro zai shigo, kafin ya tambayi labarin me fim ya ƙunsa sai ka ji ya ce, "Oga, akwai jini?" In ka ce akwai, ya miƙo waya. Bayan kwana biyu ya dawo da hukuncinsa a kalma ɗaya, ko dai "ya haɗu" ko kuwa "shirme ne". Idan ka matsa masa ka ce wanne daga cikin labaran ne shirmen, sai ka tarar na farkon kawai ya kalla, bai yi masa ba, sai ya riƙa jan fim ɗin gaba yana neman inda ake zubar da jini. Wasu kuma tun daga minti biyar na farko suke yanke hukunci: hoto ya yi duhu, ba su ga fuskar jarumin da suka sani ba, to "ƙaramin fim ne", shi ke nan an rufe babinsa. Kuma galibi a ina aka kalla? A majalisa, da rana tsaka, a wayar da gilashinta ya tsage, mutum biyar sun haɗa kai suna hira, babura na wucewa. Fim ɗin da aka gina shi a kan shiru da duhu ba shi da yadda zai yi ya tsorata mutum a irin wannan wuri.

Ba mu kaɗai ke da wannan ɗabi'a ba. A shafin IMDb, inda masu kallo na duniya ke ba fim maki daga 1 zuwa 10, maki ɗaya tak ake ba fim komai yawan labaran da ke cikinsa. A 2012 an fitar da wani fim mai suna The ABCs of Death, labarai 26 ne a ciki, kowane harafin Turanci da nasa, daraktoci daga ƙasashe 15, aka ba kowane labari dala 5,000. A cikinsu akwai waɗanda ko kyauta ba zan so a sake nuna mini ba, akwai kuma biyu ko uku da suka nuna gwaninta ta gaske. Wane maki ɗaya ne zai yi wa waɗannan mutane adalci gaba ɗaya? Mun saba cewa wake ɗaya ke ɓata gari, to amma a nan kowane labari da mai shi, da marubucinsa, da 'yan wasansa, sau da yawa ma ba su taɓa haɗuwa da juna ba. Laifin wani bai kamata ya shafi wani ba.

Abin da ke ba ni mamaki shi ne mu Hausawa mun fi kowa sanin wannan tsari. Duk wanda ya karanta Magana Jari Ce na Abubakar Imam ya san yadda aku ke riƙe Musa da labari bayan labari don kada ya fita, kuma kowa yana da labarin da ya fi so a ciki da wanda yakan tsallake, ba tare da ya ce littafin bai yi ba. Haka waɗannan fina-finai suke. Akwai babban labari da ke ɗaure sauran, misali wasu ɓarayi su shiga gida su tarar da tarin kaset su riƙa sakawa ɗaya bayan ɗaya, ko baƙi su haɗu a taragon jirgin ƙasa wani ya riƙa faɗa wa kowa yadda ƙarshensa zai kasance. Sauran labaran kuwa kowanne mai cin gashin kansa ne.

Tsarin ma ya girmi silima mai magana. A Paris an yi wani ƙaramin gidan wasan kwaikwayo mai suna Grand Guignol daga 1897 zuwa 1962, inda a dare guda ake nuna gajerun wasanni biyar ko shida, a yi na yanka da ƙwaƙule ido, sai a biyo da na ban dariya don mutane su numfasa kafin a sake tsorata su. A Ingila kuma a 1945 aka yi Dead of Night, daraktoci huɗu, kusan babu jini ko ɗigo, amma har yau ana maganar labarinsa na ƙarshe, na mutumin da 'yar tsanar da yake wasa da ita ta mallake masa hankali. A cikin wannan fim ɗin akwai wani labarin barkwanci na 'yan wasan golf da masu sharhi da yawa ke ganin shi ne mafi rauni, kuma hakan bai sa an zubar da sauran ba.

Maganar ƙarancin kuɗi kuwa ita ce ta fi damuna, domin a nan ake zaluntar masu fasaha. Dalilin da ya sa marasa jari ke son wannan tsari a bayyane yake. Labarin minti goma sha biyar ana iya ɗaukarsa a ɗaki ɗaya cikin kwanaki kaɗan da 'yan wasa uku. Kamfanin Amicus na Ingila da wannan dabarar ya rayu a shekarun 1960 da 1970: maimakon ya biya babban jarumi irin Peter Cushing ko Christopher Lee kuɗin wata biyu, sai ya ɗauke shi na 'yan kwanaki, ya buga sunansa a fasta. Jinin da ake gani kuwa galibi ruwan sikarin masara ne mai kauri da aka zuba wa kalar abinci, a zamanin hoto baƙi da fari ma ruwan cakulan ake amfani da shi. Raunuka da roba ake ƙera su a manna a fata. Ƙarar karyewar ƙashi da ke sa mutum runtse ido, wani ne a ɗakin ɗaukar sauti yake karya ɗanyen kayan lambu kusa da makirfo, ta suka kuma wuƙa ce ake caka wa kankana ko kabeji. Duk wannan aikin hannu ne da basira, kuɗinsa ba shi da yawa.

Daga irin waɗannan ƙananan ayyuka manya ke fitowa. Adam Wingard yana cikin daraktocin V/H/S na 2012, fim ɗin da da gangan aka sa hotonsa ya yi kama da tsohon kaset mai rawa, kuma shi ne daga baya aka damƙa wa Godzilla vs. Kong na 2021. Damien Leone ya tattara gajerun fina-finansa ya haɗa su fim guda a 2013, shi ne kuma mai haɗa raunukan da hannunsa. A 2022 ya fitar da Terrifier 2 da aka kashe wa kimanin dala 250,000, ya kawo sama da dala miliyan 15. Ni kaina ban iya kallon wasu wurare a wannan fim ba, kuma ba na ba kowa shawarar kallonsa, amma wanda ya ga aikinsa na farko ya ce "ƙaramin fim ne" bai kalli abin da ya kamata ya kalla ba.

Kada a ɗauka ina wanke su duka. Da yawa daga cikinsu lalaci ne tsagwaronsa. Alamar malalacin darakta ita ce ba ya ba ka dalilin damuwa da mutumin da za a kashe: ba ka san sunansa ba, ba ka san me yake nema ba, sai ihu da jan ruwa. Mafi muni su ne waɗanda ke tsayar da kyamara minti goma a kan azabtar da mace ba tare da labarin ya motsa ko taku ɗaya ba. Wannan ƙyama yake jawowa, kuma ƙyama daban take da tsoro. Akwai kuma rashin kula da sauti, wanda a ganina shi ke kashe ƙaramin fim fiye da duhun hoto, domin idan ba ka jin abin da ake faɗa, ko kiɗa ya riga abin tsoron zuwa ya tona asirinsa, to komai kyan raunin da aka ƙera ya tashi a banza. Na taɓa kallon wani gajeren labari a cikin irin waɗannan fina-finai, mace ɗaya a gida, ƙofar ɗaki a buɗe kaɗan, duk sanda ta juya sai ta ga buɗewar ta ƙaru. Jinin bai zo ba sai a daƙiƙun ƙarshe, kuma ɗan kaɗan ne, amma ya yi aiki saboda an riga an ɗaure mai kallo. Yaran da ke jan fim gaba suna neman jini, wannan labarin shi suka tsallake.

Sai maganar yara, wadda ba zan yi shiru a kanta ba tunda mu masu tura fim muna da hannu a ciki. Fim mai labarai da yawa yana da wani haɗari na musamman: labarin farko zai iya zama mai sauƙi, na huɗu kuma ya zama abin da ko babba sai ya kawar da kai. A jihar Ohio ta Amurka wata malamar wucin gadi ta saka wa ɗaliban sakandare wancan fim mai labarai 26, The ABCs of Death, a aji a 2013, ta ce ba ta kalle shi ba tukuna, kotu ta yanke mata ɗaurin kwana 90 a 2015. Uban da ya duba minti biyar na farko a wayar ɗansa ya mayar masa, bai duba komai ba. Babu hukumar tace fina-finai da za ta iya tsayawa tsakanin waya da waya, don haka nauyin yana kan mai shago da iyaye. Ni dai yaron da bai mallaki hankalinsa ba ba na tura masa, ko da ya ce yayansa ne ya aiko shi. Kuma a ƙasar da mutane da yawa suka ga jinin gaske da idanunsu a hare-haren 'yan bindiga, bai dace a yanko wurin yanka daga fim a watsa a zauren WhatsApp ba tare da gargaɗi ba, domin ba ka san wa zai buɗe ba.

Roƙona gare ka, ya Edita, shi ne idan shafinku na nishaɗi zai yi sharhi a kan irin wannan fim, mai sharhin ya bi labaran ɗaya bayan ɗaya, ya faɗi wanda ya yi da dalili, da wanda bai yi ba da dalili, ya ambaci sunan daraktan kowanne, sannan ya faɗa wa iyaye ƙarara a wane labari ne abin da bai dace yaro ya gani ba yake.

Na gode da ba ni wannan fili.

Naka,
Mai sana'ar tura fina-finai a waya,
Zariya