Ƙungiyoyinmu na al'adu su daina rayuwa da alƙawarin lonchin

Malam Edita, assalamu alaikum. Dan Allah a bani ɗan fili in faɗi abun da ya daɗe yana ci min tuwo a ƙwarya game da ƙananan ƙungiyoyin nan namu na raya al'adu da adana tarihi a Bauchi. Ni ma'aji ne a ɗaya daga cikinsu shekara da shekaru, aljihun ƙungiya na san shi ciki da bai.

Aikinmu shine mu kwashi yaran makaranta mu zaga dasu cikin gari, mu nuna musu Ƙofar Ran, Ƙofar Wunti, Ƙofar Nassarawo, da ɗan abun da ya rage na ganuwar Malam Yakubu sarkin Bauchi na farko, mu ƙare a kabarin Tafawa Ɓalewa inda suke jin yadda aka kashe shi a watan Janairun 1966, in kuma an samu kuɗin mota mu miƙa Kafin Madaki su ga gidan da Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina da ƙasa da azara, wallahi in kaga yadda yaro ke ɗaga kai yana kallon daurin gugan nan baki buɗe sai kaji duk gajiyarka ta tafi. Akwai irinmu da yawa, masu wasan kwaikwayo, masu koyar da saƙa da dukanci, masu bin tsofaffi da rikoda suna ɗaukar tarihin unguwanni kafin a rasa masu faɗa. Dukkanmu ciwonmu ɗaya, kuɗi, kuma maganin da muka saba sha shine lonchin.

Bari in baku labarin namu. Mun yi hayar rumfa da kujeru, mun buga katin gayyata, mun ɗauko mai gabatarwa, mun gayyato wani babban mutum a matsayin mai ƙaddamarwa, ya tashi ya ce ya bada miliyan ɗaya, wuri ya ɗau tafi, maroƙa suka wasa shi, muƙarrabansa suma kowa ya faɗi nasa. Abun da ya shigo hannu a ranar ko kuɗin rumfa da ruwan leda bai biya ba. Wata shida ina sintiri gidan mutumin, yau ace ya yi tafiya gobe ace yana ganawa da baƙi, har na haƙura. Amma abun da yafi min ciwo, an faɗa a rediyo cewa mun tara miliyoyi, saboda haka wanda yake ɗan bamu dubu biyu dubu uku ya janye hannu tunda a ganinsa mun yi arziki, membobinmu kuma wasu suka fara yi min wani irin kallo. Mutum uku suka bar ƙungiyar a kan kuɗin da ba mu taɓa gani ba.

Wasu zasu ce a nemi tallafin ƙungiyoyin waje. Ana samu, ban hana ba, sai dai tallafin aiki guda ne na shekara ɗaya ko biyu, ba ruwansu da hayar ofis ko alawus ɗin malamin da ke koyar da yara, ranar da ya ƙare ka koma gidan jiya. Gwamnati kuma, hukumar kula da gidajen tarihi ta ƙasa da aka kafa a 1979 wuraren da ke hannunta ma sun mata yawa balle ta waiwayo mu. Ga shi tun da aka cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayun 2023 hayar bas zuwa Kafin Madaki ta ninka, mu kuwa abun da ke shigo mana yana nan yadda yake.

Ni dai a ganina abun da muke buƙata kuɗi ne ɗan kaɗan da zai riƙa shigowa duk wata ba fashi, kuma muna da hanyarsa a addininmu, wato waƙafi. Kowa ya san labarin rijiyar Ruma da Sayyidina Usman ya saya a Madina ya bar wa jama'a. To attajirin da zai tashi a taro ya ambaci miliyan, me zai hana ya ware shago ɗaya a Kasuwar Wunti ko Muda Lawal, a rubuta da shaidu cewa hayarsa ta ƙungiya kaza ce, ba a sayarwa ba a gadonsa? Shago ɗaya tak zai riƙe ofis, ya biya tsohon magini ko masaƙi ɗan abun sawa a aljihu ya zauna ya koyar. In wani yana shakkar ko waƙafi ya dace da wannan aiki, ya je ya tambayi malamai hukuncin koya wa yaro sana'ar da zai ci abinci, ko adana rubuce rubucen malamai da ke ruɓewa a cikin gafaka, gara tana ci.

Mu ma 'yan ƙungiya da sauran aiki a gabanmu. Matan unguwa suna riƙe adashi shekaru ba a ji kansu ba, mu masu biro da takarda kuɗin wata yana gagararmu. Mutum 40 in kowa ya zuba naira 1,000 dubu 40 kenan duk wata, ba yawa amma naka ne, ba sai ka tsaya a ƙofar gidan kowa ba. Sannan mu daina jin kunyar karɓar kuɗin aikinmu. Makarantar kuɗi in tana so a zaga da ɗalibanta ta biya kan kowane yaro, da wannan sai a ɗauki yaran firamaren gwamnati kyauta, mu haka muka fara yi bara kuma shi ya riƙe mu. Masu saƙa da fata su sayar da abun da almajiransu suka yi, lokacin hawan sallah gari cike yake da baƙi.

Sai maganar amana, wadda in babu ita ba mai baka shagonsa. A yi rajista da CAC, hukumar da ke yi wa kamfanoni da ƙungiyoyi rajista, a buɗe asusun banki da sunan ƙungiya mai sa hannun mutum biyu, a daina tura kuɗi akawun ɗin ciyaman ko nawa ni ma'aji, duk wata uku a karanta abun da ya shigo da wanda ya fita a sa hoton rasit a guruf na WhatsApp kowa ya gani. Da mun yi haka tun farko da mutum ukun nan suna nan tare damu.

Ina roƙon masarautar Bauchi da shugabannin 'yan kasuwa su zauna damu a kan maganar waƙafin nan kafin damina. Akwai wani dattijo magini da muke so ya koya wa samari goma yaɓe da haɗa makuba ta shafen bango, ya amince tun bara, ƙarfinsa kullum raguwa yake, abun da ya tsayar damu kuɗin ƙasa da azara ne da ɗan abun da zamu riƙa bashi duk sati.

Naku,
Wani ma'ajin ƙungiya, daga cikin garin Bauchi.