Wasiƙa zuwa Kumasi kan fankar ɗakin naman kaza

Zuwa ga aminina Malam Sani,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, da maiɗakinka da yara da sauran 'yan'uwa na Zango. Mu nan Kano alhamdu lillahi, sai hazo da ya sauko mana da wuri bana.

Na ga hotunan da ka turo. Naman kazan nan da ya yi dogon wuya da ɗan ƙaramin kai, ba laifin iri ba ne, don haka kada ka je ka tayar wa mai sayar maka da buhunan da ake shuka shi a ciki hankali. Iska ce ta yi masa kaɗan. Shi ba ganye ba ne, numfashi yake kamar ni da kai, yana shaƙar oksijin yana fitar da iskar kabon. A waje kabon bai wuce wajen 420 cikin miliyan ba, amma ɗaki a rufe cike da buhuna nan da nan zai haura 1,000, kuma irin oyista da kake nomawa daga nan yake fara miƙe wuya.

Shawarar da aka ba ka ta sa agogo ya riƙa kunna fanka yana kashewa, ban yarda da ita ba. In ta tashi da cikakken ƙarfi, za ta kwashe danshin da ka sha wahalar tarawa, ƙananan da suka fara tsirowa su bushe. In ta tsaya, kabon ya sake taruwa. Abin da ɗakin yake so shi ne fanka da ba ta tsayawa, tana tafiya a hankali, ta ƙara gudu in buƙata ta taso, ta sassauta in ta wuce.

To a nan zaɓen fanka ya fi komai. Kada ka ɗaura wa fankar bango rigiletar rage hasken fitila. Za ka ji tana gurnani, injinta ya ɗau zafi, wata rana kuma ta ƙi juyawa alhali wuta na shigarta, sai ƙauri. Tunda ɗakinka ƙarami ne, ka nemi fankar kwamfuta mai bolt 12, babba, guda biyu ko uku, amma lallai mai waya huɗu. Ka tambayi masu gyaran kwamfuta a Adum. Waya biyu na wuta ne, ta uku tana faɗin yawan juyawarta, ta huɗu ita ke karɓar umarnin gudu, wanda ake kira PWM. Ɗan allon ESP32, wata 'yar ƙaramar kwamfuta da za ta riƙa sarrafa fankar, yana iya aika wannan umarni sau 25,000 a daƙiƙa, yadda fankar ke so. Kai tsaye za ta ci daga batirin sola, babu ruwanka da inbata, balle wannan ɗauke wutar naku da kuke kira dumso. Wani abin daɗi kuma, a lissafi, in ka rage gudun fanka zuwa rabi, wutar da take ci tana sauka zuwa kusan kashi ɗaya cikin takwas. Batir zai kai ka asuba.

Na'urar auna iskar ɗakin, wadda za ta riƙa sanar da allon, ka sayi SCD40 ta kamfanin Sensirion. Ita kaɗai tana auna kabon da zafi da danshi. Waɗannan masu araha, DHT11 da DHT22, ba sa ganin kabon sam, kuma in danshi ya kusa ƙurewa sai lissafinsu ya rikice. Amma ga wani sirri da mutane da yawa ba su sani ba: SCD40 tana zuwa da tsarin gyara kanta, tana ɗauka cewa a kowane mako za ta shaƙi iskar waje ko sau ɗaya, sai ta mayar da mafi ƙanƙantar abin da ta auna ya zama wajen 400. A ɗakinka ba za ta taɓa samun wannan iskar ba, don haka sannu a hankali za ta fara yi maka ƙarya, ta ce lafiya lau alhali ɗakin ya cika. Ka kashe wannan tsarin, lokaci-lokaci ka fitar da ita tsakar gida ka daidaita ta da hannu. Ka rataye ta daidai tsayin buhunan, nesa da ƙofa, inda feshin ruwa ba ya taɓa ta.

Ga yadda zan tsara maka. In kabon yana ƙasa da 700, fanka na tafiya da kashi 25 cikin ɗari na gudunta, don in aka yi ƙasa da haka wasu sukan tsaya cik. Daga 700 ta riƙa hawa kaɗan-kaɗan, sai a 1,200 ta kai ƙarshe. In danshi ya faɗi ƙasa da kashi 80, ta ja baya, injin feshin ruwa ya tashi. Kuma kada ta bi awo ɗaya. A tara na minti biyu a ɗauki matsakaici, in ba haka ba kana shiga ɗakin numfashinka kaɗai zai sa ta haukace. In na'urar ta daina aiko da awo, fanka ta ci gaba da tafiya a rabin gudu.

Ku kun yi sa'a, damina biyu gare ku, iskar da za ta shigo ma da danshinta. Sai dai Disamba da Janairu, in hunturu ya leƙo, ka sa ido.

Ka sa raga a ƙofar shigar iska saboda ƙananan ƙudaje. Ƙurar da naman kaza ke fitarwa in ya nuna tana liƙe wa fanka, tana kuma cutar da huhu, saboda haka ka riƙa goge ta, ka sa takunkumi lokacin tsinka, kada kuma bakin fitar iskar ya kalli tagar ɗakin yara.

Ka auno mini tsawo da faɗi da tsayin ɗakin, da yawan buhunan, in san fanka nawa za su isa. Zan haɗa allon a nan in ba wani mai tahowa.

A gaida Hajiya da jiki, Allah ya ƙara mata sauƙi.

Naka har kullum,
Habibu