Jets ɗin nan, da maki uku-uku ba inda za su je

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah ka sammin ɗan fili a shafin wasiƙu in yi magana kan wasan da shafinku na wasanni bai cika waiwaya ba, wato ƙwallon Amurka, wadda ake runguma a hannu ana karo kamar raguna. Nasan wasu zasu ce me ya haɗa mu da ita, to ai akwai mu, mu ne masu hana ido barci sai ƙarfe ɗaya na dare mu buɗe waya mu liƙa iyafis a kunne. Ni kuma ƙaddara ta haɗa ni da New York Jets, ban zaɓi masu cin kofi ba, na zaɓi masu sa mutum hawan jini.

Ga wanda bai sani ba, rabon Jets da shiga zagayen sili-ɗaya-ƙwale tun kakar 2010, lokacin koci Rex Ryan da kwatabak (mai jefa ƙwallo da jagorantar hari) Mark Sanchez, inda Pittsburgh Steelers ta cire su da 24 da 19 saura taki ɗaya su kai wasan ƙarshe na Super Bowl. Zuwa ƙarshen kakar 2024 kaka 14 kenan a jere ba su leƙa ba, kuma a duk gasar NFL babu ƙungiyar da ta kai su daɗewa a waje. Kofin kuwa sau ɗaya tak suka taɓa ɗauka, a Janairun 1969 zamanin Joe Namath, yawancin masu karanta wannan wasiƙa ko iyayensu ba su yi aure ba a lokacin.

Abinda yasa na ɗauki alƙalami gab da fara kakar 2025 shine yadda naji magoya baya sun sake fara murna wai an kawo kwatabak Justin Fields an kawo sabon koci Aaron Glenn, bana sai mu. Nima ina so in yi murnar wallahi amma jiki magayi. Bazan manta daren 11 ga Satumba 2023 ba, kwatabak ɗinmu na lokacin Aaron Rodgers ya fito da gudu riƙe da tutar Amurka filin MetLife kamar zai tsage da ihu, ni kaina sai da na miƙe zaune a kan katifa. A karo na huɗu kacal da aka miƙa masa ƙwallo a wasan, Leonard Floyd na Buffalo Bills ya cafke shi ya kai ƙasa, Rodgers ya tashi tsaye ya ɗan kalli benci sai kawai ya koma ya zauna a kan ciyawa, ashe jijiyar agara ce ta tsinke, shikenan kaka ta ƙare tun ba ta fara ba. Mun ci wasan a ranar da maki 22 da 16 amma ko daɗinsa ban ji ba. A shekarar gaba ɗaya maki 268 suka tara a wasa 17, ko 16 bai kai ba a kowane wasa, alhali masu tsaron bayansu na cikin na gaba-gaba a gasar, yaran suna kashe kansu a baya a gaba kuma ana ta zubar musu da wahala.

Sai aka ce to ai da Rodgers na nan da ba haka ba. A 2024 ya dawo ya buga wasa 17 cif, aka ɗauko masa abokinsa Davante Adams daga Raiders a tsakiyar kaka, aka kori koci Robert Saleh bayan wasa biyar, daga baya manaja Joe Douglas ma ya bi shi, duk da haka wasa 5 aka ci aka sha kashi a 12. Maki 338, wato ƙasa da 20 a wasa. Detroit Lions inda Glenn ya baro kuwa 564 suka zuba a wannan kakar. Ka ga tazarar Malam Edita, kusan maki 13 a kowane wasa, tacdawun biyu kenan fa.

To a nan nake so mu tsaya, don a nan gizo ke saƙa. A wasan nan in ka kai ƙwallo ƙarshen fili ka ci tacdawun maki 6 ne, ka buga ƙari ya zama 7, in kuma aka tare ka a kusa sai ka haƙura ka buga ta tsakanin sanduna ka karɓi 3. Bambancin 7 da 3 shine ciwon Jets. Duba wasansu da Denver Broncos a ƙarshen Satumban 2024, ana ta tsula ruwan sama, Jets suka kai har yadi ɗaya, yadi ɗaya fa, tsawon da ko yaro ya faɗi zai rufe shi, suka kasa tura ƙwallo ciki suka dawo da maki 3. Duk wasan ba tacdawun ko ɗaya, uku-uku sau uku, 9 kenan, Denver da ita ma ba wani abin kirki ta yi ba ta samu 10, a ƙarshe mai bugun Jets Greg Zuerlein ya buga daga yadi 50 ta kauce. Sati biyu bayan nan da Bills ya sake zubar da bugu biyu aka tashi 23 da 20. Kowa ya hau zagin mai bugu, ni kuma nace ƙungiyar da kullum sai ta jingina da ƙafar mutum ɗaya ai tun can ta riga ta gaza.

Na zauna na lissafa, cikin kashi 12 da suka sha, 7 da tazarar maki 6 ko ƙasa da haka ne: Broncos, Vikings a Landan, Bills, Patriots 25 da 22, Colts 28 da 27, Seahawks, sai Dolphins a ƙarin lokaci. Da ace a huɗu ko biyar daga ciki an mai da uku ɗaya ta zama bakwai da yanzu wani zancen muke. Shi yasa ban yarda da masu cewa sai an rushe komai ba, kuma ban yarda da masu cewa Fields kaɗai zai gyara ba.

Wani abin haushi ma, a Landan wanda ya jagoranci Vikings suka doke mu Sam Darnold ne, yaron da Jets suka ɗauka na 3 a zaɓen sababbin 'yan wasa na 2018 suka ce ba shi da amfani suka sallama, ya je Minnesota ya ci wasa 14. Na Seahawks kuma Geno Smith, shima Jets ce ta fara ɗaukarsa a 2013. To in duk wanda ya bar gidanka sai ya yi ƙiba, ai ka san ba cikinsa ne da matsala ba, tukunyarka ce. Zach Wilson ma na 2 aka ɗauke shi a 2021, aka jefa shi bayan katangar da ke yoyo ya yi ta gudun ceton rai.

Katangar nan ita nafi damuwa da ita, ƙartin nan biyar da ke tsayawa gaban kwatabak, ba'a saka hotonsu a fosta ba'a sayen rigarsu amma in suka rushe ko waye a baya sai ya sha ƙasa. A nan kam na yaba, shekara biyu a jere Jets sun kashe zaɓensu na farko a kansu, Olu Fashanu na 11 a 2024, sai Armand Membou daga jami'ar Missouri na 7 a 2025, ɗaya hagu ɗaya dama. Yara ne, zasu yi kuskure, amma gara kuskuren yaro mai tasowa da a yi ta hayar tsofaffi masu gwiwa a ɗaure kamar yadda aka saba.

Shi Fields kuwa gaskiya zuciyata biyu a kansa. Gudu kam Allah ya ba shi, a 2022 yana Chicago Bears ya yi yadi 1,143 da ƙafarsa, kwatabak fa ba mai gudu da ƙwallo ba. Irin wannan a kusa da layi bala'i ne ga abokan hamayya don dole su ware mutum guda yana gadinsa, shi kuma mai gudu da ƙwallo Breece Hall sai hanya ta buɗe masa, ga Braelon Allen mai jiki kamar bijimi. Da Fields ne a yadi ɗayan nan na wasan Denver ina ganin da shi da kansa zai kutsa. Amma a wannan 2022 ɗin sau 55 aka kayar da shi da ƙwallo a hannu, saboda yana riƙe ta yana dube-dube har ƙarti su iso, kuma tunda ya shigo NFL bai taɓa jefa yadi 3,000 a kaka ɗaya ba. A Steelers a 2024 ya fara wasa 6 ya ci 4 amma duk da haka suka zaunar da shi suka saka Russell Wilson. Kwantiragin da Jets suka ba shi ma shekara biyu ne kan dala miliyan 40, a kasuwar kwatabak ta 2025 wannan kuɗin gwaji ne, su kansu basu gama sakin jiki ba.

Sai maganar wa zai cafe. Garrett Wilson ya wuce yadi 1,000 a kowace kaka cikin ukunsa na farko duk da tarkacen masu jefa masa, kuma sun yi wasa tare da Fields a jami'ar Ohio State, sun san juna. To bayan shi fa? Adams ya tafi Rams. Duk kocin da ya san aikinsa zai sa mutum biyu su manne wa Wilson yace sauran ku cinye ni in kun isa. An ɗauko Mason Taylor a zagaye na biyu na zaɓen 2025, sai dai ɗora wa sabon shiga wannan kaya zalunci ne. Mai tsara harin kakar 2025 kuma Tanner Engstrand, daga Detroit ya biyo Glenn, amma a can ba shi ke kiran wasa ba, Ben Johnson ne, kuma shi ya tafi Chicago.

Lissafin shiga zagayen ba wuya, ƙungiya 7 ake ɗauka daga ɓangaren AFC da Jets ke ciki, huɗu da suka ci rukuninsu da uku masu bi musu. Cin rukuni mu cire shi a rai, Bills sun riƙe shi shekara biyar a jere daga 2020 zuwa 2024 kuma kwatabak ɗinsu Josh Allen ne gwarzon ɗan wasan 2024, Patriots ma sun kawo koci Mike Vrabel ba zasu zauna a ƙasa ba. Saura kujera ta bakwai, a 2022 Dolphins sun same ta da wasa 9, a 2023 da 2024 sai da 10. Wato Jets su ninka abinda suka ci a 2024, da sabon koci da sabon kwatabak da sabon tsari. Ni dai in za'a tambaye ni 7 ko 8 nake gani, makin zai ɗan hau in suka riƙe gudu da ƙwallo suka daina yin kamar dole sai an jefa, amma 10 tayi nisa a kakar 2025, kuma zan fi kowa murna in aka ƙaryata ni.

Wani ikon Allah wasan farko ranar 7 ga Satumba 2025 da Steelers ne a MetLife, kuma Rodgers ne kwatabak ɗinsu a kakar 2025, an yi musaya kenan, namu ya koma can nasu ya dawo nan. Ba sakamakon zan fara kallo ba, jira zan yi su shiga cikin yadi biyar na ƙarshe karon farko in ga wa za'a miƙa wa ƙwallo, in naga mai bugu ya fara cire hula yana ɗumama ƙafa a gefe to nasan inda aka dosa.

Na gode Malam Edita, a gaida ma'aikata.

Naka,
Mai karanta jaridarku a kullum