Haihuwa kyauta, amma wa zai sayi man mota?

Ranka ya daɗe Edita,

Na rubuto ne kan matakin da gwamnatin Nijar ta ɗauka a 2024 na mayar da haihuwa kyauta a asibitocinta, bayan tiyatar fidda jariri da aka yafe kuɗinta shekaru da dama. Abin a yaba ne. Sai dai kyautar ba ta amfanar matar da ba ta iso asibiti ba.

A daminar bara naƙuda ta kama matar ƙanena da dare a ƙauyenmu. A amalanken jaki aka kai ta asibitin karkara, tana kwance bisa tabarma, uwar mijinta na haska hanya da fitilar waya. Ta sauka lafiya, amma jini ya ƙi tsayawa. Ungozoma ta ce a wuce da ita birnin Tawa nan take. Motar asibiti na nan tsaye, ba mai. Kafin a tada maƙwabta a harhaɗa jaka ashirin, asuba ta yi. Allah ya sa da sauran kwananta. Zubar jini bayan haihuwa kuwa yana iya kashe mace cikin awa biyu, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu jego.

Shawarata, kowace ƙaramar hukuma ta ware kuɗin mai da na gyaran motar asibiti a kasafinta, a damƙa wa kwamitin asibiti, a riƙa karanta lissafin a bainar jama'a. Haka kuma a riƙa ajiye tankin cike tun kafin ruwa ya yanke hanyoyi a watan Agusta.

Na gode.

Wani malamin makaranta, Tawa