Wasiƙa Zuwa Ga Iyaye: Bikin Fasaha da Muhalli na Bana

Assalamu alaikum iyayenmu da masu riƙon yara,

Muna gaishe ku da fatan alheri, Allah ya ba mu damina mai albarka.

Ranar 5 ga Yuni ce Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware wa muhalli. Shekarun baya jawabi kawai muke yi wa yara a taron safe, su tafa, kowa ya koma aji. Bana mun shirya bikin fasaha a filin makaranta, ranar Asabar ta farko bayan wannan rana, daga ƙarfe 9 na safe zuwa kiran sallar Azahar. Za a baje zane-zane da saƙa, a yi ɗan wasan kwaikwayo, amma abin da ya fi cin lokacin shirinmu shi ne kiɗa da waƙa, waɗanda za a yi a gabanku ba na kaset ko na waya ba.

Mun san akwai iyayen da za su tambaya: me ya haɗa kiɗa da muhalli? Tambayar da muka fara yi wa ɗalibai ke nan, sai muka ajiye musu kayan kiɗa a kan tebur, muka ce su faɗi inda kowanne ya fito. Goge ƙwarya ce da fatar guza da izgar doki. Kiɗan ƙwarya da iyayenmu mata ke yi a biki, daga duman da ake shukawa a gona yake. Sarewar makiyayi kara ce ko gora. Ganga kuwa itace ake sassaƙawa, kuma alilliba na cikin itatuwan da masassaƙa suka fi so. Da muka tambayi wa ya taɓa ganin bishiyar alilliba, 'yan kaɗan ne suka ɗaga hannu. Wannan ya taɓa mu sosai, domin yawancinmu malamai mun yi wasa a inuwar itatuwan da gatari da buhun gawayi suka riga suka cinye.

Saboda haka mun gayyato mai goge da masu kalangu daga cikin gari. Kafin su fara, kowa zai nuna wa yara yadda ake haɗa kayansa da inda yake samo itace da fata a yanzu. 'Yan aji shida kuma sun ƙera kuntigi da gwangwanin kifi da fatar akuya, irin wanda marigayi Ɗan Maraya Jos ya yi suna da shi. Gwangwanayen daga bola suka tsinto su, suka wanke. Ba za mu tayar da janareta ba. Fitila ba ma buƙata, lasifika ɗaya tak za mu ɗora a kan batirin sola.

Waƙoƙin yaran ne suka tsara da kansu, malamin Hausa ya duba kowane baiti. Wata kan hamada ce da shirin Babbar Katangar Itatuwa da Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, daga Senegal zuwa Jibuti, wanda ya ratsa jihohi 11 na arewacin Najeriya. Wadda ta fi ratsa mu ita ce ta manoman Maradi da Damagaram, waɗanda tun shekarun 1980 suka daina tumɓuke kututture a gona, suka riƙa renon tohon da ya fito, har miliyoyin itatuwa suka dawo, musamman gawo mai zubar da ganye da damina ya bar wa gero hasken rana.

Ga masu damuwa da tarbiyya: babu rawar cuɗanya, maza da mata kowa da wurin zamansa, malamai na tare da yara har a tashi.

Roƙonmu kaɗan ne. A ba kowane yaro ruwan sha a gora ko jarka, don ba za a sayar da ruwan leda a harabar makaranta ranar ba. Mai tsohuwar ƙwarya ko gwangwanin da ba ya amfani da shi ya aiko wa malamin ajin ɗansa kafin Alhamis. Bayan kiɗa za mu dasa kuka da tsamiya da darbejiya a bayan azuzuwa, kowane aji da nasa itatuwan da zai riƙa shayarwa har rani. Iyayen da ke da fartanya ko diga su zo da su, muna buƙatar hannu wajen haƙa ramuka. Idan kuma akwai kaka ko kakan da ya san tsoffin waƙoƙin noma ko na daka, a taho da su, mun tanadar musu kujeru a gaba.

Wassalam,
Shugaban Makaranta